Ɗaga Ƙarfe da Lafiyar Jiki: Ina Amfanin Yake, Ina Haɗarin Yake?

A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar da alƙaluman da ke nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na baligai a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake buƙata. Alƙaluman na shekarar 2022 ne, kuma sun fi na 2010 muni. Kiran da ya biyo baya shi ne kowa ya tashi ya motsa. Sai dai wanda ke riƙe da waya yana ganin wani abu dabam: ɗan wasa ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, matashi ya kwana a asibiti ƙodarsa na neman tsayawa bayan atisayen yini guda, ga kuma masu cewa ɗaga ƙarfe yana tayar da hawan jini, yana cinye gwiwa, yana hana yaro tsawo. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiyarsu. Abin da ke kawo ruɗani shi ne ba a cika fayyace wane motsi ake magana a kai ba, da yawansa, da kuma jikin wanda zai yi shi.

## Abin da ƙa'idar ta tanada

Motsa jiki iri biyu ne a babban rabo. Na farko shi ne wanda ke sa zuciya da huhu aiki na tsawon lokaci: tafiya da sauri, sassarfa, tuƙa keke, iyo. Na biyu shi ne atisayen ƙarfafa tsoka, wato a sa tsoka ta tura ko ta ja wani abu da ya fi abin da ta saba, har ta kusa gajiya. Abin da ake turawar ba dole ne ya zama ƙarfe ba. Roba mai talewa tana yi, nauyin jikin mutum ma yana yi, kamar tsugunawa da miƙewa, ko dafa ƙasa a ɗaga ƙirji da hannuwa.

Ƙa'idar da WHO ta fitar a Nuwamban 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: idan mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba, matsakaici yake yi, idan haki ya hana shi haɗa jimla, ya shiga mai tsanani. Bayan wannan akwai sharaɗi na biyu, wanda aka fi mantawa da shi: atisayen ƙarfafa manyan tsokokin jiki aƙalla kwana biyu a mako. Masu shekara 65 zuwa sama an ƙara musu atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, saboda gudun faɗuwa. Ƙa'idar 2010 ta ce sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a ƙirga shi. Ta 2020 ta cire wannan, yanzu hawa bene na minti biyu ma yana shiga lissafi.

Taku dubu goma da agogunan hannu ke ƙirgawa ba ya cikin ƙa'idar. Asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965.

## Yadda likitoci suka sauya ra'ayi

Hujjar farko mai ƙarfi ta fito ne daga motocin bas na Landan. A 1953 likita Jeremy Morris ya kwatanta direbobi, waɗanda ke wuni a zaune, da kwandastocin da ke hawa da sauka a matakalar bas mai bene suna karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi yawa kuma ya fi muni a wajen direbobin. Daga nan hankalin likitoci ya koma kan zuciya, kuma a 1968 Kenneth Cooper, likitan sojin saman Amurka, ya yayata gudu da sassarfa har suka zama abin da ake nufi idan an ce motsa jiki. Ɗaga ƙarfe kuwa aka bar wa 'yan ƙwanji, har masu horar da 'yan wasa suna hana shi bisa tunanin yana sandarar da jiki.

Amma tun 1945 wani likitan soji, Thomas DeLorme, ya nuna cewa sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu sun fi saurin dawowa daidai idan aka ba su nauyi suna ɗagawa, ana ƙara musu shi sannu a hankali. Wannan ƙarin na sannu-sannu shi ne ginshiƙin harkar har yau. Abin da ya ƙarasa sauya tunani ya faru a 1990 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, inda Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma, masu shekara 86 zuwa 96, atisayen ƙafa mai nauyi na mako takwas. Tara suka kammala, kuma ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaicin lissafi. Mutum goma ba yawa ba ne, amma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun tabbatar da cewa tsoka ba ta daina amsa horo saboda tsufa.

## Abin da tsoka ke yi wa mai ita

Daga wajen shekara 30 tsoka takan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, raguwar kuma takan ƙara sauri bayan 60. Ba a ganin abin a ma'aunin nauyi, domin kitse yana cike gurbin. Inda ake ganinsa shi ne ranar da dattijo zai tashi daga kujera sai ya dafa gwiwa da hannu biyu, ko ya yi tuntuɓe ƙafar ta kasa tare shi. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin al'amari ba ce. Da yawa ba sa komawa tafiya yadda suka saba. Ƙashi ma yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi, abin da ya fi shafar mata bayan ɗaukewar al'ada.

Sannan tsoka ce babbar ma'ajiyar sukarin da ke shiga jini bayan cin abinci, kuma idan tana aiki takan ja sukari ko da insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka, bai wadata ba. Shi ya sa ake sa atisayen ƙarfi cikin tsarin kula da ciwon suga.

A 2022 masu bincike a Japan suka tattara nazarce-nazarce da dama, suka ga masu atisayen ƙarfafa tsoka suna da ragin kashi 10 zuwa 17 cikin ɗari na haɗarin mutuwa da wuri, da ciwon zuciya, da kansa, da ciwon suga. Abin lura shi ne mafi yawan amfanin ya tsaya ne tsakanin minti 30 zuwa 60 a mako. Masu suka suna cewa irin wannan nazari alaƙa kawai yake nunawa, wataƙila masu lafiyar ne tun farko suke iya ɗaga ƙarfen. Sukar tana da tushe. Amma ƙarin ƙarfi, da saukar sukari, da raguwar faɗuwa a tsofaffi, duk an gan su a gwaje-gwajen da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗanda wannan suka ba ta taɓa su.

## Zuciya da hawan jini

Nan ne tsoron ya fi yawa, nan ne kuma maganganu biyu masu kama da kishiyoyi suke zama gaskiya a lokaci guda.

Yayin ɗaga nauyi jini yana hawa, wani lokaci hawa mai ban tsoro. A 1985 masu bincike a Kanada suka sa ma'auni cikin jijiyar ƙwararrun masu gina jiki suna tura nauyi mafi tsanani da ƙafa biyu. Matsakaicin abin da aka gani ya kai 320 bisa 250, mutum guda har ya haura 480 bisa 350. Wannan na 'yan daƙiƙoƙi ne, a kan nauyin ƙure ƙarfi, kuma riƙe numfashi yana da hannu sosai a ciki. Kowa ya san yanayin: mutum ya cika ƙirji da iska, ya datse maƙogwaro, fuska ta kumbura, jijiyoyin wuya su fito. Wannan yunƙurin yana taimaka wa ƙwararre ya kare bayansa, amma ga mai hawan jini shi ne abin gudu. Shawarar da ake ba shi ita ce nauyi matsakaici, yana fitar da numfashi lokacin da yake turawa.

A ɗaya gefen, wanda ya ɗore da atisaye jininsa na lokacin hutu sauka yake yi. Wani nazari na 2023 da ya haɗa gwaje-gwaje 270 ya nuna kowane irin motsa jiki yana saukar da shi, kuma wanda ya fi saukarwa shi ne atisayen ƙanƙame tsoka ba tare da motsi ba, kamar jingina baya da bango a yi zaman kujera babu kujera. Ya rage kimanin maki 8 a lambar sama da 4 a ta ƙasa. Ba a ce ya maye gurbin magani ba. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma ta ce wanda jininsa ya haura 180 bisa 110 kada ya fara ɗaga nauyi sai an shawo kansa tukuna.

Batun faɗuwa farat ɗaya kuwa, shekaru suna raba shi gida biyu. A ƙasa da 35 yawanci wata matsala ce da aka haifi mutum da ita ba a sani ba, kamar kaurin tsokar zuciya. Ita aka gano a jikin ɗan ƙwallon ƙafa Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi ya rasu a Lyon ta Faransa a watan Yunin 2003 yana da shekara 28. A sama da 35 kuwa toshewar jijiyoyin zuciya ce ta fi yawa. Ɗan ƙwallo Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili a Yunin 2021, ya kuma rayu, saboda an fara danna masa ƙirji nan take aka kuma yi amfani da na'urar farfaɗo da bugun zuciya cikin mintuna.

Yaya girman haɗarin yake? Wani nazari a kan likitoci maza fiye da dubu 21 a Amurka, wanda aka wallafa a 2000, ya samu mutuwar farat ɗaya guda a cikin kowane zaman atisaye mai tsanani miliyan ɗaya da rabi. Wani na 1993 ya fi bayyana inda matsalar take: a cikin awa guda bayan aikin ƙarfi mai tsanani, haɗarin bugun zuciya na toshewar jijiya ya ninka sau 107 ga wanda ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako, amma sau 2.4 kacal ga mai yi sau biyar ko fiye. Ke nan mafi shiga haɗari shi ne wanda ya shekara a zaune, rana ɗaya ya tashi zai rama.

Masana sun rabu kan gwaji kafin fara wasa. Italiya ta wajabta gwajin ECG, wato na'urar auna yadda zuciya ke bugawa, ga masu shiga gasa tun 1982, kuma likitocin zuciya na Turai suna goyon bayan haka. Na Amurka sun tsaya kan tambayar tarihin iyali da duba jiki, suna cewa gwajin kowa da kowa yana da tsada kuma yakan tsorata masu lafiya da sakamakon ƙarya. Saɓanin nasu a kan 'yan gasa ne, bai shafi mai tafiyar safe ba.

## Tsamin jiki, da abin da ya wuce tsami

Tsamin da ke zuwa washegari, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, ba sinadarin laktik ne ke kawo shi ba kamar yadda aka daɗe ana faɗa. Laktik, wanda ke taruwa a jiki lokacin aikin ƙarfi, yakan washe cikin kamar awa guda. 'Yan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka ke kawo tsamin, musamman daga motsin sauke nauyi ko gangara. Yana wucewa da kansa, kuma karo na biyu ba ya kai na farko. Ba shi ne ma'aunin cewa atisaye ya yi kyau ba.

Akwai wanda ba tsami ba ne. Idan tsoka ta farfashe da yawa, abin da ke cikinta yakan kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Alamominsa ciwo mai tsanani da ya wuce misali, kumburi, kasa miƙe hannu ko ƙafa, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na jira ba. Ya fi kama sabon shiga da aka tura ya yi ɗaruruwan maimaici a zaman farko, ko tsohon hannu da ya dawo bayan dogon hutu yana son ci gaba daga inda ya tsaya. Zafin rana da ƙarancin ruwa suna ƙara shi. Shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac a wannan hali ƙara wa ƙodar nauyi ne.

Masu jinin AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila guda, suna da tasu tambayar. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman a gwada manyan 'yan wasanta a 2010 bayan mace-mace a wajen horo. Ƙungiyar likitocin jini ta ƙasar ta ƙi amincewa da tilasta gwajin, ta ce a kare kowa da hutu da ruwa da ƙarin horo a hankali. Wani nazari na 2016 a kan sojoji baƙar fata kusan dubu 48, waɗanda ke ƙarƙashin irin wannan kariya, bai ga ƙarin mutuwa a masu AS ba, amma ya ga ƙarin haɗarin farfashewar tsoka da kimanin rabi. AS ba ya hana motsa jiki; abin da ba ya so shi ne a ƙure ƙarfi cikin zafi babu hutu.

Ruwa ma ana wuce gona da iri. A gudun fanfalaki na Boston na 2002, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda yawan sha.

## Gwiwa, yara da mata

Wani nazari na 2017 ya samu ciwon zaizayar gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudu don lafiya, kashi 10.2 a marasa motsi, da kashi 13.3 a masu gudun gasa. Yawancin raunukan gaɓoɓi daga ƙarin nauyi ko nisa da gaggawa suke zuwa, domin tsoka tana riga jijiya da ƙashi sabawa.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce atisayen ƙarfi ba ya hana tsawo idan akwai mai kula kuma nauyin ya dace. Raunukan yara sun fi faruwa inda babu babba a wajen. Mata kuma sinadarin testosterone, mai taimaka wa ginin tsoka, a jikinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na maza ba, don haka kwana biyu a mako ba ya mayar da mace 'yar ƙwanji. Atisayen ciki ba ya narkar da tumbi shi kaɗai, tsoka kuma ba ta rikiɗa ta zama kitse idan an daina.

## Gwangwani da allura

Baligi yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Ga mai gina tsoka, wani nazari na 2018 ya nuna amfanin yana tsayawa a wajen giram 1.6. Mai kilo 70 ke nan tsakanin giram 56 da 112, kuma abinci na yau da kullum yana iya kai shi. Garin furotin na gwangwani sauƙi ne kawai. Ba a nuna yana lalata lafiyayyar ƙoda ba, amma mai ciwon ƙoda lissafinsa dabam ne, kuma da yawa masu hawan jini ko suga ba su san tasu ta fara taɓuwa ba. Kiriyatin, wani gari da masu gina tsoka ke sha, yana cikin kayan gwangwanin da aka fi bincika, ana shan giram 3 zuwa 5 a rana. Yana iya ɗaga lambar gwajin ƙoda, don haka a gaya wa likita kafin a ɗebi jini.

Matsalar gwangwani ita ce abin da ba a rubuta a jikinsa ba. Wani ɗakin gwaji a Cologne ta Jamus ya auna kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13, ya samu kusan kashi 15 cikin ɗari da sinadaran sitiroyid da ba a ambata ba. Sitiroyid ɗin kansa, na allura ko na haɗiya, yana gina tsoka da sauri, babu musu. Yana kuma sa jiki ya daina samar da nasa sinadarin testosterone, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta gagara, nono ya fito wa namiji, hanta da zuciya su taɓu. Yawancin jikin da matasa ke gani a Instagram suna auna kansu da shi, ba a faɗa musu da me aka gina shi ba.

## Abin da wannan ke nufi ga mutum na yau da kullum

Mai aikin ƙarfi yakan ce aikinsa ma ai motsa jiki ne. Wani nazari a Denmark a kan mutum fiye da dubu 100, wanda aka wallafa a 2021, ya ga motsin lokacin hutu yana tafiya da raguwar ciwon zuciya, na wajen aiki kuwa da ƙaruwarsa. Bayanin da ake bayarwa shi ne aikin yini guda ba ya ɗaga bugun zuciya yadda zai horar da ita, ba ya kuma barin jiki ya huta. Wasu masanan suna ganin talauci da shan taba ne suka shiga lissafin. Ko ma wanne ne, abin da lebura ya fi buƙata shi ne hutu da kula da baya, ba ƙarin kaya ba.

Ga mai zaman ofis ko shago, kwana biyun nan ba sa buƙatar ɗakin motsa jiki. Motsi biyar ko shida sun isa su taɓa ƙafafu, ƙirji, baya, kafaɗu da ciki: kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye ɗaya zuwa uku, da nauyin da zai sa biyun ƙarshe su yi wuya ba tare da jiki ya karkace ba. A bar kwana guda tsakani. Ƙarfin da ake ji a makonnin farko ƙwaƙwalwa ce ke koyon sarrafa tsokar. Girman tsoka sai an yi wata biyu ko fiye kafin ido ya gani, kuma a wannan tazarar ce mutane da yawa ke karaya ko su koma neman allura.

Tun 2015 kwalejin likitocin wasanni ta Amurka ta sassauta sharaɗin ganin likita, ganin cewa tura kowa asibiti yana hana mutane farawa. Wanda ba shi da wani ciwo sananne kuma ba ya jin wata alama yana iya farawa da motsi mai sauƙi ko matsakaici. Wanda ke da ciwon zuciya, ko suga, ko ƙoda, kuma bai saba motsa jiki ba, ya fara ganin likita. Mai allurar insulin ya kula da faɗuwar sukari. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko ciwo na sauka hannu ko muƙamuƙi, ko haki da bai dace da aikin ba, ko jiri da suma, ko bugun zuciya ya rikice, ya tsaya a nan take, ko da shekara goma ya yi yana atisaye. Haka wanda wani ɗan'uwansa na jini ya mutu farat ɗaya kafin shekara 50, a duba zuciyarsa kafin ya shiga horo mai tsanani.